Yadda Ake Auna Ingancin Rayuwa Wajen Lissafin Amfani da Tsadar Maganin Matsalar Barasa

A ce mutum biyu sun gama karɓar magani rana ɗaya. Bayan wata shida aka duba, kowannensu ya yi kwana 150 bai kai barasa bakinsa ba. Na farko ya koma bakin aikinsa, yana samun barci, 'ya'yansa sun daina shigewa ɗaki idan sun ji motsinsa a ƙofa. Na biyu yana zaune a gida, barci ya ƙaurace masa, abokan shan sun watse kuma bai yi sababbi ba, zuciyarsa kullum a cunkushe. Idan kwanakin rashin sha kaɗai aka ƙirga, sakamakonsu ɗaya ne. Amma duk wanda ya zauna da su na minti goma ya san ba ɗaya ba ne.

Ga kuma matsala ta biyu. Mai rabon kuɗin lafiya asusu ɗaya ne a gabansa, ga masu ciwon suga, ga masu cutar daji, ga masu karaya, kowa na jira. In ka ce masa maganinka yana ƙara kwanakin rashin sha, ba shi da yadda zai gwada wannan da tiyatar ido. Babban gwajin magungunan matsalar barasa mai suna COMBINE da aka yi a Amurka da mutum 1,383, wanda sakamakonsa ya fito a 2006, da aka zo lissafin tsadarsa an auna kuɗi ne da abubuwa irin su yawan kwanakin rashin sha da kauce wa komawa shan da ya wuce kima. Aiki ne mai kyau, sai dai amsarsa ba ta fita daga da'irar maganin barasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019, kuma kimanin mutum miliyan 400 ne ke fama da larurar shanta. Jama'a mai wannan yawa ta cancanci a kawo hujjar kula da ita da ma'aunin da ake auna sauran cututtuka da shi. Ga yadda ake yi.

Da farko, yanke shawarar aljihun wa da rayuwar wa za ka duba

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kafin ka buga takardar tambayoyi ko ɗaya, rubuta wannan a tsarin aikinka: kuɗin asibiti kaɗai za ka ƙirga, ko har da na 'yan sanda, kotu, gidan yari, haɗarin mota da ranakun aikin da aka rasa? A yawancin cututtuka bambancin ba shi da girma sosai. A barasa kuwa shi ne rabin labarin. Gwajin UKATT na Birtaniya, wanda aka buga a 2005 da mutum 742, ya gwada maganin zaburar da niyya na zama uku da maganin da ke jawo 'yan'uwa da abokai ciki na zama takwas. An gano cewa kowannensu ya rage kashe kuɗi a fannin lafiya, jin daɗin jama'a da shari'a da kusan ninki biyar na abin da aka kashe wajen ba da shi. Da asibiti kaɗai aka duba, da wani sashe na wannan riba ya ɓace.

Kwamitin masana na biyu na Amurka kan wannan lissafi ya ba da shawara a 2016 cewa a riƙa kawo sakamako ta fuska biyu, ta hukumar lafiya da ta al'umma gaba ɗaya. Ni ma haka nake gani. Ka shirya tattara bayanan duka biyun tun ranar farko.

Ka fahimci abin da ake kira shekarar lafiya

Ma'aunin da aka fi amfani da shi masana suna taƙaita sunansa da QALY, mu kira shi shekarar lafiya. Ana ba kowane halin da mutum yake ciki maki: 1 cikakkiyar lafiya, 0 mutuwa. Sai a ninka makin da tsawon lokacin da ya yi a wannan hali. Wanda ya yi shekara biyu a maki 0.5 ya samu shekarar lafiya ɗaya.

Makin ba likita ke yanke shi ba. Ana tara jama'ar gari ne a bayyana musu wani hali, a tambaye su: shekara goma a haka, ko shekara nawa cikin cikakkiyar lafiya za ka yarda ka karɓa a madadinsu? In mutum ya ce bakwai, makin halin a wurinsa 0.7 ne. Daga amsoshin dubban mutane ake fitar da jadawalin maki na ƙasa. Ka riƙe wannan, domin ƙasashe da dama kowace da nata jadawalin, kuma amsa iri ɗaya takan ba da maki dabam idan aka sauya jadawali.

Zaɓen takardar tambayoyi: nan ne aikin yake

Wadda ta fi kowace yaɗuwa ita ce EQ-5D, ta ƙungiyar EuroQol da aka kafa a 1987. Tambaya biyar ce kacal: tafiya, kula da kai kamar wanka da sa tufafi, ayyukan yau da kullum, ciwo ko rashin jin daɗin jiki, sai fargaba ko damuwa. Tsohon samfurin yana da amsa uku ga kowace tambaya, wato hali 243. Sabon da ya fito a 2009 yana da amsa biyar, hali 3,125. A ƙarshe akwai zane kamar ma'aunin zafi daga 0 zuwa 100 inda mutum zai nuna yadda yake jin lafiyarsa. Cikawa ba ta wuce 'yan mintuna, kuma hukumar NICE ta Ingila, wadda ke ba da shawara kan magungunan da gwamnati za ta biya, ita ta fi so a kawo mata.

Yanzu dubi mai matsalar barasa da takardar a hannunsa. Shekararsa talatin da biyar. Tafiya? Lafiya lau. Wanka? Da kansa yake yi. Ciwo? Babu. Ayyukan yau da kullum? Ya yi jim, ya ce yana yi, domin dai yana fita da safe. Sai a tambaya ta biyar ya sa alama a tsakiya. A jadawalin Birtaniya na tsohon samfurin, wannan amsa makinta 0.848. Mutumin da aurensa ke tangal-tangal, bashi ya yi masa katutu, an ba shi takardar gargaɗi a wurin aiki, ya fito da maki kusa da na mai lafiya. To wane magani ne zai nuna babban ci gaba a kan wanda tun farko yana dab da rufin ɗaki? In kuma ya sa alamarsa a amsa ta uku, tsananin damuwa, makin ya faɗo zuwa 0.414. Tsakanin amsa biyu maƙwabta akwai rami mai wannan zurfi, ba wurin tsayawa a tsakiya. Shi ya sa in har EQ-5D za ka ɗauka, ka ɗauki mai amsa biyar.

Abin da barasa ta fi lalatawa da wuri shi ne amana, zumunci, barci, mutunci da ikon mutum a kan kansa. Babu ɗaya daga cikinsu da EQ-5D ta tambaya kai tsaye. Don haka shawarata ita ce kada ka tafi da ita ita kaɗai. Ka haɗa ta da ta biyu:

SF-6D, wadda John Brazier da abokan aikinsa suka fitar a Jami'ar Shefild a 2002 daga cikin tambayoyin SF-36, wata takardar auna lafiya mai tambaya 36. Tana da fanni shida, ciki har da mu'amala da mutane da kuzari, kuma ita ma tana ba da makin da za a yi shekarar lafiya da shi. Rauninta a ƙasa yake: makinta mafi ƙanƙanta yana wajen 0.3, saboda haka ba ta rarrabe waɗanda suka yi tsanani sosai.

ICECAP-A, daga Jami'ar Bamingam a 2012, wadda aka gina a kan tunanin masanin tattalin arziki Amartya Sen cewa a duba abin da mutum ke da ikon yi da ikon zama. Tana tambayar kwanciyar hankali, ƙauna da abota, cin gashin kai, ci gaba, da jin daɗi. In ka karanta waɗannan biyar za ka ga kamar don mai fita daga shaye-shaye aka rubuta su. Sai dai makinta ba na shekarar lafiya ba ne, a gefe ake kawo shi.

Akwai kuma AQoLS mai tambaya 34 da aka tsara musamman don masu matsalar barasa, da WHOQOL-BREF ta Hukumar Lafiya ta Duniya mai tambaya 26. Dukkansu suna nuna canji da kyau, amma ba su zo da jadawalin fifikon jama'a ba. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a tara jimillar makinsu, a raba da mafi girman adadi, a ce an samu lamba tsakanin 0 da 1. Wannan lamba ba ta da alaƙa da shekarar lafiya, kada ka yi.

Kada kuma ka fassara takardar da kanka a daren da za a fara aiki. Masu waɗannan takardu suna da fassarori da aka gwada, kuma sai da izininsu ake amfani da su. Kalma ɗaya kamar "damuwa" in ta karkace, makin dukkan mutanenka ya karkace. In mahalartan ba sa karatu, akwai samfurin da mai tambaya ke karantawa, shi za ka nema.

Lokacin tambaya da yadda ake yin ta

EQ-5D tana tambayar lafiyar mutum ta yau ɗin nan. SF-36 tana tambayar sati huɗun da suka wuce. Ga mai shan barasa wannan bambanci babba ne, domin safiyar da ta biyo bayan daren sha dabam take da safiyar kwana na biyar ba sha. Ka rubuta ranar da mutum ya yi shan ƙarshe duk lokacin da ya cika takarda.

Awon farko shi ya fi wuya. Alamun janyewar barasa daga jiki, karkarwa, gumi, tashin zuciya da fargaba, sukan fara cikin awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe, su yi ƙamari a kwana na biyu zuwa na uku. In ka auna mutum a wannan tsakani, makinsa zai yi ƙasa ƙwarai, bayan sati biyu kuma ya tashi, ka ɗauka maganinka ne ya yi aiki. Ka tsayar da ƙa'ida ɗaya ga kowa, ka yi awon kafin a raba mutane rukuni-rukuni. Wanda ya zo a buge a ɗaga masa zuwa wata rana, cikin mutunci.

Ko ba janyewa, mutane ba sa zuwa neman magani sai abin ya kai musu iya wuya. Makin ranar zuwa yakan zama mafi muni a shekarar, kuma ko ba a yi musu komai ba zai ɗan farfaɗo. Wannan ne dalilin da ya sa dole a samu rukunin kwatance, wato waɗanda ba a ba sabon maganin ba. Tashin maki daga farko zuwa ƙarshe a rukuni ɗaya ba hujja ba ne.

Akwai wani abu da ke ruɗa masu bincike, har ya sa su zaci magani ya cutar. Mutum yana cikin sha ya ce lafiyarsa 80 cikin 100. Wata uku da dainawa ya ce 60. Ba lalacewa ya yi ba, idonsa ne ya buɗe: yanzu yake ganin bashin, yake jin nauyin abin da ya faɗa wa mahaifiyarsa, kuma abin da yake danne damuwar da shi babu. Ma'aunin da ke cikin kansa ne ya sauya. In bibiyarka ta tsaya a wata uku, a nan za ka rufe littafi, ka yi wa maganin rashin adalci. Ka auna a farko, a wata uku, wata shida da wata goma sha biyu, in da hali ka wuce haka.

Wanda zai karɓi amsa kada ya zama wanda ya ba da maganin, domin mutum yakan so ya faranta wa wanda ya taimake shi. A keɓe wuri, ba miji ko mata a gefe. Kuma shi da kansa zai amsa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ka auna shan a gefe guda

Ingancin rayuwa ba ya maye gurbin awon sha, tare suke tafiya. AUDIT ta Hukumar Lafiya ta Duniya tambaya goma ce, maki 0 zuwa 40, daga 8 zuwa sama alamar sha mai haɗari. Don sanin adadin kowace rana akwai dabarar da Linda da Mark Sobell suka tsara, inda ake ajiye kalanda a gaban mutum a bi kwanakin baya ɗaya bayan ɗaya. Ka mayar da komai zuwa giram na tsantsar barasa. A matakan haɗari na hukumar, fiye da giram 60 a rana ga namiji ko 40 ga mace ya shiga babban haɗari. Amfanin wannan shi ne za ka ga ko wanda ya rage sha bai daina ba shi ma rayuwarsa ta gyaru, kuma za ka buƙaci waɗannan matakai a lissafin shekaru masu zuwa.

Waɗanda suka ɓace

A kowace bibiya ta masu matsalar barasa wasu za su daina zuwa. Ba haka kawai suke ɓacewa ba. Sau da yawa wanda ya koma gidan jiya ne kunya ta hana shi dawowa, ko an kwantar da shi, ko yana tsare. In ka yi lissafi da waɗanda suka dawo kaɗai, ka yi kitso da ƙwarƙwata: sakamakon zai yi kyau a ido, amma na waɗanda suka yi nasara ne kawai.

Maganin farko tun ranar rajista ake yin sa. Ka karɓi hanyar tuntuɓa fiye da ɗaya, da izinin kiran wani na kusa da shi. Ka faɗa masa a fili cewa ko ya koma sha ana son jin ta bakinsa, ba wanda zai yi masa faɗa. In ba zai iya zuwa ba, tambaya biyar ta waya ta fi babu. Ragowar giɓin a cike shi da dabarar ƙididdiga da ke ƙiyasta amsar da ta ɓace sau da yawa daga bayanan da ake da su. Kada ka ɗauki makinsa na ƙarshe ka maimaita har ƙarshen shekara. Sannan ka sake lissafin bisa zaton cewa waɗanda suka ɓace sun fi sauran shan wuya, ka ga ko hukuncin zai tsaya. Wanda ya rasu kuwa ba ɓatacce ba ne: makinsa 0 ne daga ranar rasuwa.

Lissafin kansa

Ga misali da lambobin da na ƙaga don koyarwa. Rukunin sabon magani: 0.60 a farko, 0.70 a wata shida, 0.74 a wata goma sha biyu. Rabin shekarar farko, ka haɗa 0.60 da 0.70, ka raba biyu, ka ninka da 0.5, ka samu 0.325. Rabi na biyu 0.36. Jimilla 0.685. Rukunin kulawar da aka saba: 0.60, 0.66, 0.66, wato 0.315 da 0.33, jimilla 0.645. Bambanci 0.04, kusan kwana goma sha biyar na cikakkiyar lafiya ga kowane mutum.

In sabon maganin ya fi tsada da 600 a kan kowane mutum, ko da wane kuɗi ake lissafi, sai ka raba 600 da 0.04. Kowace ƙarin shekarar lafiya ta ci 15,000. Wannan lamba ake gwadawa da iyakar da mai biyan kuɗi ya yarda da ita. A baya NICE ta yi shekaru tana aiki da fam 20,000 zuwa 30,000, amma wannan na Ingila ne, ba a ɗauko shi a ɗora wa wata ƙasa.

A misalin nan rukunin biyu sun fara da maki ɗaya. A aikin gaske da wuya hakan ta faru, kuma tazarar 0.03 a farko za ta iya haɗiye mafi yawan bambancin. Dole ka daidaita makin farko a cikin ƙididdigar.

Abin da shekara ɗaya ba za ta nuna ba

Tsukewar hanta, ciwon daji na baki da maƙogwaro da hanji, bugun jini, duk shekaru suke ɗauka kafin su bayyana. Ribar rage sha a yau tana can gaba. Don haka ake gina taswirar lissafi inda mutane ke ƙaura kowace shekara tsakanin halaye: ba ya sha, yana sha kaɗan, yana sha da yawa, ya kamu da cuta, ya rasu. Kowane hali da makinsa da kuɗinsa. Zaton da ya fi kowane nauyi a nan shi ne tsawon lokacin da tasirin magani zai ɗore. Wanda ya ɗauka har abada ne zai fito da sakamako mai ban sha'awa da ba gaskiya ba. Ka gwada shekara ɗaya, uku, biyar, ka nuna duka. Ana kuma rage darajar abin da ke gaba: NICE tana amfani da kashi 3.5 cikin 100 a shekara, wanda ke mayar da shekarar lafiya ɗaya da za a samu nan da shekara goma ta zama kusan 0.71 a yau.

Mutanen gida

Wannan ne sashen da aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi ci mini rai. Matar da ke kwana da kunne a ƙofa, yaron da karatunsa ya lalace, tsohon da ke biyan bashin ɗansa, duk rayuwarsu tana cikin abin da magani ke gyarawa. In mahalarci ya yarda, ka ba mutum ɗaya na kusa da shi takardar EQ-5D ya cika game da lafiyar kansa, a lokutan da ake auna mai maganin. A yi shi a keɓe, kuma a tanadi inda za a tura wanda ya bayyana cewa ana dukansa a gida. Ka kawo sakamako iri biyu, da su da kuma ba su, don mai karatu ya ga girman abin da ake bari a waje.

Rubuta rahoto

Lamba ɗaya ba ta isa ba. Bambanci irin 0.04 ƙarami ne, kuɗin da ake kashewa a kan masu matsalar barasa kuma ba ya tafiya daidai: mutum uku da suka daɗe a gadon asibiti za su iya jan matsakaicin rukuni duka. Ka sa kwamfuta ta maimaita lissafin sau dubbai tana sake ɗibar mahalarta, ka nuna kashi nawa cikin ɗari sabon maganin ya ci kuɗinsa a iyakoki dabam-dabam. Ka bi jerin ƙa'idojin rubuta irin wannan rahoto da ake kira CHEERS, na 2022, mai abu 28. Ka faɗi jadawalin makin ƙasar da ka ɗauka da dalili, da adadin waɗanda suka ɓace a kowane awo, da adadin waɗanda suka ce ba su da matsala a dukkan tambayoyi biyar tun ranar farko. In EQ-5D ta ce ba canji, ICECAP-A ko AQoLS kuma ta ce akwai, ka sa su a jadawali ɗaya kusa da juna, ka nuna tambayoyin da suka motsa ɗaya bayan ɗaya.